Duniya ta dawo yayin ginin ƙasa, ƙasar Hausa kuma tana rushe nata

Duk mai bibiyar shafukan masu zanen gine-gine a Instagram ko Pinterest a 'yan shekarun nan zai lura da launin da ya mamaye su, wato launin jar ƙasa. Bango ne mai kauri, babu fenti, babu tayil, sai ƙananan tagogi da inuwa mai yawa. Abin da ake kira sabon yayi ke nan a Turai da Amurka, kuma masu hannu da shuni ne ke rububinsa.

Bahaushen da ya tashi a Birnin Zazzau ko Dala ko Birnin Damagaram, idan ya ga hotunan, zai yi murmushi. Irin gidan kakarsa ne, wanda aka rushe bara aka sa bulo.

Lamarin ya wuce hotunan waya. A shekarar 2014 kamfanin Ricola mai yin alewar maganin tari ya buɗe wani katafaren gini a garin Laufen na ƙasar Suwizalan, tsawonsa ya haura mita 100, kuma da ƙasar da aka daddaɓe aka yi bangonsa. Herzog & de Meuron ne suka zana shi, kamfanin da ya zana filin wasan Olamfik na Beijing. A 2022 kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine a duniya, ta faɗa hannun Diébédo Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, ɗan Afirka na farko da ya samu. Aikin da ya fara fito da sunansa makarantar firamare ce ta ƙauyensu, wadda aka kammala a 2001 da bulon laka, mutanen gari kuma su suka yi aikin da hannunsu.

Shekara guda bayan nan, babban baje-kolin zanen gine-gine na birnin Venice a Italiya ya bai wa Demas Nwoko na Najeriya lambar girmamawa ta aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Nwoko ɗalibin Zariya ne. Yana cikin matasan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ƙi yarda a koya musu fasahar Turawa zalla, suka dage sai an haɗa da ta gida. Shekara 65 aka ɗauka kafin Venice ta zo inda suka tsaya.

Darasin Dandaji

Misalin da ya fi kusa da mai karatu yana jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a wani gari na Hausawa mai suna Dandaji. Tsohon masallacin Juma'ar garin na ƙasa ne, ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Abin da aka saba yi a irin wannan hali sananne ne: a kawo katafila, a share, a zuba kankare.

Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, sun bi wata hanya. Tsohon masallacin an gyara shi an mayar da shi ɗakin karatu. A gefensa aka gina sabon masallaci mai ɗaukar kusan mutum 1,000, da bulon ƙasa da inji ya matse, ƙasar kuma a nan yankin aka haƙo ta. Maginan da suka san sirrin tsohon ginin an jawo su cikin aikin, suka koyi sabuwar dabara, su ma suka koyar da tasu. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma, ya kuma ci kyaututtuka na duniya. Yau Mariam farfesa ce a jami'ar ETH da ke Zurich, 'ya'yan Turawa na zama a gabanta suna ɗaukar karatu.

Wannan yanki dama ba baƙon yabo ba ne. Masallacin Yama, shi ma a jihar Tawa, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya fara a 1962 aka ƙarasa a 1982, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine tun 1986. Falke bai shiga ajin koyon zane ba. A wajen aiki ya koya, kamar yadda magina ke koya tun kaka da kakanni.

A ɗaya ɓangaren iyaka

Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka rasu. Masarautar Zazzau ta ce kwana guda kafin nan an ga tsagewa a bango, ana shirin kawo injiniyoyi sai ƙaddara ta riga fata. Masallacin da ya faɗi aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina shi a shekarun 1830, kuma masana na ɗaukarsa a matsayin ƙololuwar ginin Hausa saboda yadda aka ɗaure bakan-gizonsa. A Satumban 2024 kuma ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram, wanda ya haura shekara 170 a tsaye.

Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce an aza harsashinta a zamanin Sarki Gijimasu kusan shekara 900 da suka wuce, tana cikin jerin jiran UNESCO tun 2007. Har yanzu tana jira, kuma duk wanda ya zagaya ya san abin da ya rage daga cikinta: nan an yanka fili, can an haƙi ƙasa, gaba kaɗan an mayar da ita juji. Tsohon garin Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27, ya shiga jerin kayan tarihin duniya tun 2013.

Gidajen talakawa su ba a ma lissafa su. Kowace rani a tsofaffin unguwannin Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato ana sauke soraye ana tayar da bulo. Zaure ya koma shago. Zankwaye sun ɓace. Zanen da ake yi a fuskar gida, wanda da shi ake gane gidan attajiri ko na basarake tun daga nesa, ya zama abin da sai a fada ko a gidan tarihi.

Masu rushewar ba wawaye ba ne

A nan ya kamata masu kishin al'ada su sassauta murya, domin mai gidan da ya sauke soronsa yana da hujja. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara. Sai an yi yaɓe kafin damina, sai an duba indararo, sai an toshe tsaga tun tana ƙarama. A da, aikin gayya ne, dangi da maƙwabta ke taruwa. Yanzu kuɗi ake biya, 'ya'yan gidan kuma suna Abuja ko Legas. Azara ta yi tsada saboda giginya ta yi ƙaranci. Makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa da katsin marina, waɗanda ke hana ruwa cin bango, ba kowane magini na yau ya san yadda ake haɗa su ba. Duk damina kuma ana jin labarin ɗakin da ya faɗa wa iyali cikin dare. Wanda ya taɓa haƙo ɗansa daga ƙarƙashin ɓaraguzai ba za a lallashe shi da hoton Instagram ba.

Ga kuma maganar daraja. "Gidan ƙasa" a bakin dillali ragin farashi ne. Ɗan haya ba ya so, banki ba ya ɗokin karɓarsa jingina, iyayen amarya ma suna tambaya. Bulo da kwano sun zama shaidar cewa mutum ya samu.

To amma me aka samu a madadin? Ɗakin bulo mai inci shida da rufin kwano, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tanda ce. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar, yake da ɗumi a lokacin hunturu. Siririn bulo ba ya yin haka, kwano kuma ƙara wuta yake. Gida irin wannan an gina shi ne bisa zaton akwai lantarki da fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda babu wuta bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. A farkon shekarar ne kuma buhun siminti ya haura naira 10,000. An bar abin da ke ƙarƙashin ƙafa kyauta, an koma sayen mai tsada, sannan ana biyan kuɗin mai don a iya barci a ciki.

Turawa su damuwarsu hayaƙi ce, domin sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Magidanci a Gusau damuwarsa ta fi wannan kusa: aljihunsa, da yadda yaransa za su kwana a watan Afrilu.

Yayi da kwaikwayo

Akwai wani abu da ya fara bayyana a manyan biranen Arewa wanda ake iya ɗauka farfaɗowa ce. Wuraren cin abinci da ɗakunan biki da ƙofofin shiga gari ana yi musu zankwayen siminti, a manna dagin Arewa, a shafa fenti ruwan ƙasa. Yana da kyau a hoto, ba laifi ba ne kuma, ya fi gilashin da ake kwaikwayowa daga Dubai. Sai dai riga ce kawai aka sa wa kankare. Cikin ginin zafinsa na nan, janareta na ruri a baya, kuma babu maginin gargajiya ko ɗaya da ya ci abinci a aikin.

Abin da Kéré da Mariam suka yi daban ne. Ba su kwafi siffar tsohon gini ba, matsalolinsa suka bi ɗaya bayan ɗaya. Ruwa na cin gindin bango? A ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare. Ruwan sama na dukansa? A faɗaɗa rufi ya zama malafa. Tubali na marmashewa? A matse ƙasar da inji, a sa mata ɗan siminti kaɗan. A makarantar Gando ma akwai kwano, amma an ɗaga shi sama da silin na laka, iska na ratsawa tsakani tana kwashe zafin. Da tsohuwar zuma aka yi maganin, sai dai an tace ta.

Wannan ilimi ba a ɓoye yake ba a Najeriya. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe da ƙera injinan matse bulon ƙasa. Sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin mafiya daɗewa a ƙasar, kuma tafiyar mintoci ce tsakaninsa da aikin Babban Gwani. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano bisa awon da Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Poland ya yi shekaru yana ɗauka. Abin da babu shi ne mai saye.

Mai sayen da zai iya sauya lissafin kuwa gwamnati ce. Jihohin Arewa na gina azuzuwa da ƙananan asibitoci duk shekara, kusan dukkansu zubi ɗaya: bulo, kwano, fenti mai launi biyu. Malaman firamare sun san yadda ajin ke zama da ƙarfe ɗaya na rana. Da gwamna ɗaya zai ware ko da azuzuwa 50 a gina su da matsattsen bulon ƙasa, a auna zafin cikinsu da kuɗin da suka ci, a wallafa sakamakon kowa ya gani, da gardamar ta tashi daga baki ta koma kan alƙaluma. Idan tsarin bai yi ba, a faɗa. Idan ya yi, ɗan kwangila da banki da dillali za su biyo baya da kansu, domin ƙyamar gidan ƙasa ba za ta gushe da wa'azi ba sai an ga babban mutum ko babbar hukuma a cikinsa.

Masarautu ma suna da nasu rabon. Sarautar Sarkin Magina na nan a garuruwa da dama, amma sarauta ba ta ɗaure bakan-gizo. Dattawan da suka iya lanƙwasa azara su tayar da tulluwa ba tare da rodi ko ɗaya ba sun yi ƙaranci, 'ya'yansu kuma da yawa sun koma birkiloli ko sun kama achaba, saboda nan ne ake samun na cefane. Ana iya ɗaukar hoton gini, ana iya auna shi kamar yadda Dmochowski ya yi, amma yadda ake gane ƙasar da ta dace da yawan kwanakin da kwaɓi zai yi kafin ya nuna a hannu yake, kuma sai a wajen aiki ake miƙa shi. Gyaran Gidan Makama ko hasumiyar Gobarau ko fadar wani sarki dama ce ta haɗa tsohon magini da ɗaliban jami'a a kan tsani ɗaya, a biya shi kuɗin malami, a rubuta sunansa a allon aikin kusa da na injiniya.

Kwamitin Aga Khan ya rubuta sunan Falke Barmu tun 1986. A wannan ɓangaren kuwa, ko a takardun kwangilar gyaran gine-ginen tarihi, wanda ya san aikin yakan fito ne a layin leburori.