Ƙwayar Gado Ɗaya, Ƙofofin Kalsiyam Iri-iri

Duk bugun zuciya yana farawa ne da shigar sinadarin kalsiyam cikin ƙwayoyin tsokarta. A jikin kowace ƙwaya akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa idan lantarkin jiki ya ratsa su. Ɗan kalsiyam ɗin da ya kutsa ciki shi ke zaburar da wani rumbu da ke cikin ƙwayar, ya kwararo nasa mai yawa, sai tsokar ta takure ta tura jini. Tun 1883 Sydney Ringer ya nuna a Landan cewa zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa a ruwan da babu kalsiyam.

Umarnin gina babbar ƙofar yana cikin ƙwayar gado mai suna CACNA1C, a kan kuromosom na 12. Rubutun yana da gaɓoɓi fiye da 50, amma ba duka ake amfani da su a lokaci guda ba. Ƙwaya takan kwafi saƙon, ta yanke wasu gaɓoɓi, ta haɗa sauran, kamar yadda tela ke fitar da riga ko kaftani daga yadi ɗaya. Richard Roberts da Phillip Sharp ne suka gano a 1977 cewa ƙwayoyin gado a rarrabe suke haka, aka ba su kyautar Nobel a 1993.

Wurin da ya fi jan hankali shi ne gaɓa ta 8, wadda take da tagwaye biyu, kuma dole a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Tsokar zuciya ta fi ɗaukar guda, tsokar bangon jijiyoyin jini kuwa ta fi ɗaukar ɗayar. Bambancin kaɗan ne, amma nau'in jijiyoyi ya fi saurin rufewa da magungunan hawan jini irin su nifedipine da amlodipine. Wannan na cikin dalilan da suka sa maganin da ake sha kullum a gidaje da yawa yake sassauta jijiyoyi ba tare da ya raunana bugun zuciya sosai ba.

A 2004 aka danganta wani ciwo da ake kira ciwon Timothy da kuskuren harafi ɗaya a wannan gaɓar, wanda ke hana ƙofar rufewa da wuri. Kalsiyam ya yi ta shiga, bugu ya rikice. Idan kuskuren yana cikin nau'in da ke samar da kusan kashi 20 cikin 100 na ƙofofin zuciya, yaro kan zo da yatsu a manne da matsalar bugu. Idan kuwa ya faɗa cikin wanda zuciya ta fi amfani da shi, ƙofofi marasa lafiya sun fi yawa, matsalar bugun kuma ta fi tsanani.