Martani: Karantawa Kaɗai Ma Haɗari Ce

Mai sharhin da ya ce a bar manhajar AI ta leƙa duk bayanan ciniki, tunda karantawa kawai take yi ba ta gogewa, ya yi kuskure babba. Ɗan kasuwar Larlé a Wagadugu ya fi tsoron a ga littafin bashinsa da a goge shi. A Yunin 2025 masu bincike sun nuna yadda saƙon imel ɗaya ya iya sa manhajar AI ta Microsoft mai suna Copilot ta fitar da sirrin da ta karanta. An ce taƙaita abin da manhajar ke gani na rage amfaninta. Amma shin ƙirga buhunan goro na buƙatar lambobin wayar masu bashi? Burkina Faso ta sabunta dokar kare bayanai a 2021, kuma alhakin na kan mai riƙe bayanan. A buɗe wa manhajar iya abin da aikin ke buƙata, a kulle sauran.