Ba Kwaɗon Ne Ke Cin Amana Ba, Mazubin Ne

Daminar bara wani mai sayar da taki a nan Paki ya roƙe ni in yi masa 'yar manhajar rubuta bashi. Manoma daga ƙauyukan Ikara da Makarfi kan karɓi taki su biya da kaka, shi kuma ba ya son yaran shago su riƙa ganin wa ake bi da nawa ake binsa. Na ce ai wannan ba wuya. Na ɗauko OpenSSL, na kulle kowane suna da adadin kuɗinsa da AES, na gwada da suna uku, duk suka buɗe lafiya lau. Da kaka ta yi sai ga kiransa, murya na rawa: wasu sunayen sun ƙi buɗewa. Allah ya taimake ni bai yar da littafinsa na takarda ba, da yanzu ban san inda zan sa kaina a garin nan ba.

AES bai yi laifin komai ba. Ni ne ban iya awon mazubi ba.

Mazubi, wanda masu rubuta manhaja ke ce wa bafa, ɗan fili ne da manhaja ke keɓewa a ƙwaƙwalwar waya don ta zuba bayanai na ɗan lokaci. Kamar mudu yake, yana da iyaka. AES na aiki da guntu-guntu na bayit 16, kuma a tsarin CBC da na yi amfani da shi ana yi wa saƙo ciko har ya cika guntun ƙarshe. Saƙo mai bayit 40 kan fito 48. Mai 32 ma 48 yake fitowa. Duk wanda ya tanadi mazubi daidai da asalin saƙon, to ragowar za ta malala cikin filin da ba nata ba.

Nawa kuskuren ɗan'uwan wannan ne. Na auna tsawon kulallen saƙo da strlen, wanda ke tsayawa da zarar ya tarar da bayit mai sifili, don shi rubutu ya sani. Kulallen saƙo kuwa ba rubutu ba ne, sifili na iya faɗowa a ko'ina. A bayit 48, kusan ɗaya cikin kowane shida zai ɗauko sifili, abin da ya biyo bayansa kuma ya tafi ke nan. Ukun da na gwada sa'a kawai suka ci.

Shi ya sa nake cewa mu daina ɗaukar rubutun "an kulle saƙonka" a matsayin hujjar tsaro. Lissafin kullewa ba kasafai ake karya shi ba. Ɓarayi ta mazubi suke shiga, kuma ba irina kaɗai ke yin wannan kuskuren ba.

A Afrilun 2014 aka bankaɗo Heartbleed a cikin OpenSSL ɗin nan. Mutum zai aika wa sabar ɗan ƙaramin saƙo, ya yi ƙaryar cewa dogo ne. Ita kuma ba ta aunawa, sai ta mayar masa da abin da ya kai kilobayit 64 daga ƙwaƙwalwarta, har da kalmomin sirrin mutane. Kuskuren ya yi kusan shekara biyu a waje kafin a gano shi. A Agustan 2021 kuma aka sake samun wani wajen buɗe saƙon SM2: ka tambayi OpenSSL girman mazubin da za ka tanada, ya ba ka adadin da bai isa ba, har bayit 62 na iya malala.

Ga wanda ya fi kusa da aljihunka. A Mayun 2019 WhatsApp ya toshe wata kafa a sashen kiran murya, ita ma malalar mazubi ce. Ta nan aka riƙa dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus ko da mai wayar bai ɗaga kiran ba, kuma kamfanin ya ce mutum kusan 1,400 abin ya shafa. Kwaɗon saƙonninsu na nan daram, an dai shiga ɗakin ne ta taga.

Wani abokin sana'a zai ce ai shi da Kotlin ko Dart yake rubutu, harshen ne ke kula masa da awo. Da gaskiyarsa, waɗannan za su tsayar da manhajar maimakon su bar ta ta malala. Amma ba za su hana ka mayar da kulallen saƙo rubutu ka lalata shi ba, kuma da yawa daga abin da ke ƙarƙashinsu da C aka rubuta.

To, 'yan'uwana masu koyon sana'ar nan da kanmu: ka yarda da tsawon da laburare ya dawo maka da shi, kada ka ƙiyasta. Ka bar wa ciko wuri. In za ka adana kulallen saƙo a matsayin rubutu, mayar da shi Base64. Ka goge mazubin da ya riƙe makulli da zarar ka gama. Ka gwada da saƙo dubu, har da wanda babu komai a ciki. Mafi sauƙi, ka ɗauki libsodium ko Tink, da suka rage maka wuraren tuntuɓe.

Kai kuma mai waya, na san data na da tsada, na kuma san da yawanmu wajen mai caji muke karɓar manhaja ta Xender. Amma irin waɗannan kafofin da sabuntawa ake toshe su, tsohon kwafi kuwa da kafarsa yake zuwa. In Play Store ya ce ka sabunta WhatsApp ko manhajar bankinka, ka rage kallon bidiyo na yini guda ka sabunta.

Mai takin nan har yau yana amfani da manhajar, bayan na gyara ta. Littafinsa kuwa na ce masa ya ci gaba da rubutawa.