Zanen Kan Jirgin Ƙasa Ba Aikin Banza Ba Ne

A ƙasashen da jirgin ƙasa ya daɗe da shiga rayuwar jama'a, kamar Ingila da Amurka da Japan, akwai wasu bayin Allah da aka jarrabe su da son kan jirgi, har mutum ya haddace lambarsa da kamfanin da ya ƙera shi da shekarar da ya fara aiki. Kuma daga cikinsu ne aka sami waɗanda, tun da kwamfuta ta wadata, suke zama su zana kawunan jiragen da ba a taɓa ƙerawa ba, su ɗauko gaban wannan su haɗa da gangar jikin wancan, su ɗora wa tsohon inji mai shan dizal akwatunan batir da sandar janyo lantarki daga waya, har hoton ya fito tamkar a tasha aka ɗauke shi. Mutane da yawa in sun gani sai su ce lagawu ne, aikin wanda ya rasa abin yi. Ni kuwa ina ganin akwai fa'ida babba a cikinsa, fa'idar da mu muka fi masu yin sa bukatarta.

Sai mutum ya san abin da ake zanawa kafin ya yanke wa mai zanen hukunci. Kan jirgi irin wanda ke jan taragu tsakanin Abuja da Kaduna, dizal ba shi ne ke juya ƙafafunsa kai tsaye ba: injin yana juya janareta ne, janareta ya ba da wuta, wutar ta juya motocin lantarki da ke jikin ƙafafu. Idan jirgi ya zo gangara direba ya ja birki, waɗannan motoci sai su koma masu haifar da wuta, amma da yake babu ma'ajiyar da za a zuba ta, sai a ƙone ta ta zama zafi ta bi iska, wanda israfi ne bayyananne. Hikimar kan jirgi mai haɗa mai da lantarki ita ce a tara wannan wuta a batir, a yi amfani da ita lokacin tashi da hawan tudu. Japan ta sa jirgin fasinja irin wannan a layin Koumi tun 2007. A 2021 kuma kamfanin Wabtec ya gwada kan jirgi mai batir tare da masu dizal tsakanin Barstow da Stockton a Amurka, aka sami ragin mai sama da kashi 11 cikin ɗari. Akwai kuma wani nau'i, irin Class 88 da ya fara aiki a Ingila a 2017, wanda ke shan wuta daga waya inda akwai ta, ya koma dizal inda ta ƙare, ko da yake ƙarfinsa da dizal bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa da lantarki ba.

To, mai son ya zana irin wannan kan jirgi zane na gaskiya, ba makawa tambayoyi su tare shi ɗaya bayan ɗaya: ina zai ajiye batir alhali tankin mai ya cinye ƙarƙashi, ta ina iska za ta shiga ta sanyaya shi, ƙafa nawa za su ɗauki wannan nauyi ba tare da dogo ya lanƙwashe ba, kuma ko rufin zai wuce ƙarƙashin gada? Waɗannan su ne ainihin mas'alolin ilmin handasa, kuma ba wasa ba ne, domin kawunan jiragen Green Goat da kamfanin Railpower na Kanada ya fitar a farkon wannan ƙarni sun sha fama da gobarar batir. Yaron da sha'awa ta kai shi ga waɗannan tambayoyi da kansa, ba don tsoron jarrabawa ba, ya riga ya sa ƙafa a ƙofar ilmi, kuma malamai sun san wanda ya zo da ƙishirwarsa ya fi saurin fahimta.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya cika shi da zane-zane masu launi na agogon ruwa da injinan ɗaga ruwa, kuma ta dalilin zanen ne masana na wannan zamani suka iya sake ƙera wasunsu. Wanda kuma yake da shakka ta fuskar shari'a, ya tuna cewa saɓanin malamai a kan sura ya shafi mai rai ne, kuma an ruwaito Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya yi wa wani mai sana'ar zane nuni da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Kan jirgi ƙarfe ne.

Sai dai akwai sharaɗi wanda ba na sassautawa a kansa, shi ne amana. Zanen kwamfuta ya kai matsayin da ido ba ya rarrabe shi da hoto, kuma a ƙasar da alkawarin jirgi yake cikin kayan yaƙin neman zaɓe, abu ne mai sauƙi a ɗauki hoton da wani ya ƙaga don nishaɗi a yaɗa shi a wayoyi a ce ga abin da aka sayo. Wajibi ne mai zane ya rubuta a jikin aikinsa cewa ƙage ne na tunani, in ba haka ba ya shiga cikin zunubin yaudarar da aka yi da shi.

Abin da ke damuna shi ne, duk da tarihin da muke da shi, da wuya a ga jirginmu a cikin irin waɗannan zane-zane. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Shi ya kwashe dalar gyaɗa, shi ya raya Kafanchan, kuma ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, yau 'yan kaɗan ne suka san kamanninsa. Ga kuma sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Baturen da ke zane a ƙasar sanyi ba zai tuna da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska ba, ba zai tuna da zafin bazara da ke gajarta ran batir ba, ba zai kuma damu da cewa tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435. Ɗan Kano ko ɗan Damagaram shi ne zai tuna, domin a ciki ya tashi.

Kayan aikin ba su da tsadar da ake zato, tun da manhajar zane ta Blender kyauta ake samunta. Saboda haka ina kira ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya da Jami'ar Sufuri ta Daura da su shirya gasar zanen kan jirgi kowace shekara ga ɗaliban sakandare da na kwalejojin fasaha, injiniyoyi su zauna su duba kowane zane su gaya wa mai shi inda ya dace da inda ya kauce; iyaye kuma, in kun ga yaro ya duƙufa a kan irin wannan, ku nema masa tsohon ma'aikacin reluwe ya zauna da shi tun irinsu suna raye.