Yadda ake fiton filashi zuwa kwamfutar da ke cikin kwamfuta

Wannan makon za mu taɓa abin da ke cinye wa ɗalibai aiki ba su ji ba su gani ba, wato filashi. Mutum ya kai nasa shagon buga takardu a cikin Bagudo ko Ka'oje, a cusa shi a kwamfutar da filashi ɗari suka riga suka shiga, ya dawo gida ya tarar duk fayilolinsa sun koma wasu 'yan hotuna masu kibiya a gefe. Idan ya danna ɗaya a laftof ɗin yayansa, ita ma ta kamu. Akwai hanyar buɗe irin wannan filashi ba tare da ya taɓa Windows ɗinku ba, kuma kyauta ce.

Hanyar tana farawa da manhajar VirtualBox ta kamfanin Oracle. Aikinta shi ne ta gina wata kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske. Ta gasken mu kira ta mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa. Baƙuwar tana da nata allon da nata tsarin aiki, amma a wajen mai masauki ita 'yan fayiloli ce kawai, in ta lalace a goge a gina wata. Mu dai Linux Mint ko Lubuntu muke sa mata, don cututtukan da aka rubuta domin Windows ba sa tashi a can. Laftof mai RAM gigabait 8 za ta ɗauke ta ba gardama. Mai gigabait 4 ma za ta yi, a ba baƙuwar 2, sai dai a yi haƙuri da nawarta. Fayil ɗin Linux yana kusan gigabait 3, don haka mutum ɗaya ya sauke ya raba wa sauran, kada kowa ya ƙona datarsa.

To, baƙuwar ba ta ganin kayan gaske. Katin sauti, katin intanet, faifan ajiya, duk kwaikwayo ne mai masauki ke yi mata. Kun cusa filashi, Windows ne zai cafke shi. Abin da muke so shi ne Windows ya ɗauke hannunsa gaba ɗaya, a miƙa na'urar kai tsaye ga baƙuwa. Turawa na ce wa wannan passthrough, kalmar da za ku buƙata in kuna bincike. Mu a nan fito za mu ce masa. 'Yan Lolo da Illo da Tsamiya ba sai an yi musu dogon bayani ba: buhun da aka ƙetarar zuwa Jamhuriyar Benin ya bar Nijeriya ke nan, ba ya zama a ƙasa biyu lokaci guda. Haka filashin yake. Da zarar ya ƙetara zai ɓace daga Windows, kuma ba lalacewa ya yi ba.

Kafin komai ku duba ko an buɗe wa injin kwamfutar damar ɗaukar baƙuwa. A Task Manager, ƙarƙashin Performance, ku danna CPU, za ku ga layin da ke cewa Virtualization. In ya ce Disabled, sai ku kashe kwamfutar ku shiga BIOS. A yawancin HP maɓallin F10 ne, a Dell F2, a Lenovo F1 ko F2. Ku nemi VT-x idan injin Intel ne, ko SVM idan na AMD ne, ku kunna, ku adana. Kada ku taɓa wani abu a wurin.

Sannan, baƙuwar tana kashe, ku shiga Settings ɗinta, sashen USB, ku zaɓi USB 3.0. A nan ne akwai abin da mutane da yawa ke tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan aikin: matacin USB. Kowace na'ura tana da lambobi biyu, ta kamfanin da ya ƙera ta da ta samfurin, kamar katin shaida a bakin iyaka. SanDisk, misali, lambarsa 0781 ce. Matacin yana gaya wa VirtualBox cewa duk na'urar da ta zo da lamba kaza, a wuce da ita ga baƙuwa tun kafin Windows ya buɗe ta. Ku yi matacin tun filashin yana da tsabta. Ranar da ya dawo daga shago, ku fara kunna baƙuwar, ta gama tashi, sannan ku cusa shi. In kun juya wannan tsari, Windows ya riga ya karɓi baƙon da kuke gudu.

Abin daɗin shi ne, cutar nan mai kibiya ba ta cika goge fayiloli ba, ɓoye su take yi. Linux kuwa ba ya kula da alamar ɓoyon da Windows ke girmamawa, sai ku ga takardunku zaune lafiya. Ku kwashe su, ku bar duk abin da sunansa ya ƙare da lnk ko vbs ko exe, sannan ku wanke filashin daga cikin baƙuwar.

Yanzu wuraren da fiton ke maƙalewa. Idan ba ku ga zaɓin USB 3.0 ba, tsohuwar VirtualBox ce. Kafin fitowar 7.0 a Oktoban 2022, sai an ɗora mata wani ƙarin kunshi mai suna Extension Pack, kuma dole lambarsa ta zo daidai da tata. Sabuwar ta zo da shi a ciki. Idan an ce na'urar tana kan wani aiki, Windows ne bai sake ta ba: ku zare, ku jira kaɗan, ku mayar a wata kafa. Idan mai masaukin Linux ce kuma jerin USB ya fito fanko, ba a sa sunanku a rukunin vboxusers ba, kuma bayan an sa sai kun fita kun sake shiga.

Waya ta fi wayo. Kun miƙa wayar Android ga baƙuwa, kun taɓa zaɓin tura fayil, sai ta kuɓuce ta koma Windows. Dalili shi ne wayoyi da yawa suna canza lambar samfurinsu idan sun tashi daga caji zuwa tura fayil, matacin ya kasa gane su. Tsofaffin modem na Huawei ma haka suke, su fara bayyana kamar faifan CD sannan su rikiɗe. Maganin: ku buɗe matacin, ku share gurbin lambar samfuri, ku bar ta kamfani kaɗai.

In kun ga ɗan koren kunkuru a ƙasan tagar baƙuwa, Hyper-V na Windows ne ya riga ya mamaye injin, shi ya sa take jan ƙafa. Masu laftof ɗin da ta biyo ta Kwatano kuma su duba maɓallansu. Idan A ce a gurbin Q, tsarin Faransa ne, ku gaya wa baƙuwar tun wajen girka ta, in ba haka ba kalmar sirrinku za ta yi ta ƙin shiga. Kuma in batirin ya mutu, da wutar nefa kaɗai take numfashi, kada ku yi kwafi sai kun tabbatar da wuta, don ɗaukewarta a tsakiyar aiki na iya lalata filashin.

Mun san wasunku sun ga bidiyon masu miƙa katin hoto ga baƙuwa su buga wasa. Wannan wani babi ne. Yana buƙatar VT-d ko AMD-Vi, kuma VirtualBox ta daina yin sa tun fitowar 6.1, sai KVM a kan Linux ko Proxmox. Kwamfuta tana ɗaure na'urorinta rukuni-rukuni, kamar kayan da aka lodo a mota ɗaya, ko duka su ƙetara ko duka su tsaya. Shekaru da dama katunan GeForce na Nvidia suna ƙin aiki a cikin baƙuwa da kuskure mai lamba 43, sai a Maris na 2021 kamfanin ya buɗe ƙofa. Laftof mai katin hoto ɗaya kuwa, kun miƙa shi allonku zai yi baƙi ƙirin. A ganinmu ku bar wannan sai kun sami kwamfutar tebur mai katin hoto biyu, wadda ba a ajiye aikin kowa a cikinta ba.