Ajin Kemistiri: Me Ya Sa Kanwa Ke Narkewa, Ɓawon Ƙwai Ya Ƙi?

Wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare ta aiko da kukanta. Ta ce tana daidaita lissafin sinadarai tsaf, amma malami yana rage mata maki saboda ƙananan alamomin nan huɗu: (s), (l), (g) da (aq). Ta tambaya ko sai ta haddace kowane sinadari. A'a, ƙanwata, 'yan ƙa'idoji shida sun ishe ki, har a WAEC da NECO.

Mu fara da ma'anarsu. (s) daskararren abu ne, (l) abu mai ruwa-ruwa zalla, (g) iska, (aq) kuwa abin da ya narke cikin ruwa. Rikicin yana tsakanin (s) da (aq).

Ku shiga kicin ku gwada. A jiƙa kanwa a kofi ɗaya, a daka ɓawon ƙwai a zuba a wani kofin ruwa. Kanwa za ta narke, sai ɗan yashi ya rage. Garin ɓawon kuwa zai kwanta a ƙasa ko ya kwana. Alhali dukansu kabonet ne: akasarin kanwa kabonet ɗin sodiyam ne, ɓawon ƙwai na kalsiyam. Ga ƙa'idojin da suka raba su:

1. Duk gishirin sodiyam (Na), fotasiyam (K) ko amoniyam (NH₄) yana narkewa.
2. Duk naitiret (NO₃) yana narkewa.
3. Kuloraid (Cl) yana narkewa, ban da na azurfa (Ag), dalma (Pb) da makyuri mai caji ɗaya. Na dalma yakan narke a ruwan zafi.
4. Salfet (SO₄) yana narkewa, ban da na bariyam (Ba) da dalma. Na kalsiyam kaɗan yake narkewa.
5. Kabonet (CO₃) ba ya narkewa.
6. Haidiroksaid (OH) ba ya narkewa, ban da na bariyam. Na kalsiyam kaɗan yake narkewa.

Sirrin shi ne a bi su daga sama zuwa ƙasa, domin ta sama ita ce gaba. Ƙa'ida ta 5 ta ce kabonet ba ya narkewa, amma ta 1 ta riga ta yanke hukunci a kan sodiyam. Shi ya sa a ruwa muke rubuta Na₂CO₃(aq), amma CaCO₃(s).

Yanzu a haɗa ruwan AgNO₃ da ruwan gishiri, NaCl. Su biyun (aq) ne. Za su yi musayar abokai, a sami AgCl da NaNO₃. Sai ki tambayi kowanne. NaNO₃ yana da sodiyam, ya narke. AgCl kuloraid ɗin azurfa ne, an ware shi a ƙa'ida ta 3. Don haka:

AgNO₃(aq) + NaCl(aq) → AgCl(s) + NaNO₃(aq)

Wannan AgCl shi ne farin garin da ke bayyana a kwalbar gwaji.

Kada ku ɗauka maganar ta tsaya a jarrabawa. Gishirin bariyam mai narkewa, kamar BaCl₂, guba ne. Amma a asibiti ana ba majiyyaci BaSO₄ ya sha kafin a ɗauki hoton hanjinsa, domin ba ya narkewa, sai ya wuce bai shiga jini ba. Kun ga tsakanin (aq) da (s) akwai ran mutum.

Akwai ramuka uku da ɗalibai ke faɗawa. Na farko, ruwa kansa H₂O(l) ne, ba (aq) ba, tunda ba a cewa ruwa ya narke a ruwa. Na biyu, ƙa'idojin suna aiki ne in akwai ruwa. Gishirin da ke cikin mudu a kasuwa NaCl(s) ne, sai ya shiga miya ya koma (aq). Na uku, idan asid ya haɗu da kabonet, iskar CO₂ tana fita, alamarta (g):

CaCO₃(s) + 2HCl(aq) → CaCl₂(aq) + H₂O(l) + CO₂(g)

Aikin wannan mako: ku daidaita waɗannan, ku sa wa kowane sinadari alamarsa, ku rubuta lambar ƙa'idar da kuka dogara da ita.

1. BaCl₂ + Na₂SO₄ →
2. Pb(NO₃)₂ + NaCl →
3. KNO₃ + NaCl →

A yi hattara da ta uku, akwai tarko a ciki. Amsoshi na nan tafe mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.