Gilashin Kyamara Da Fuskokin Gefe

A bikin yaye ɗalibai na bana, wani mai hoto ya matso dab da mu, gilashinsa a kan milimita 18. Da hoton ya fito, fuskokin na gefe sun baje kamar faifai, hancin na gaba kuwa ya kumbura. Sai ya ɗora wa kyamara laifi.

Rabin gaskiya ya faɗa. Lanƙwasar ginshiƙai aibin gilashi ne, manhaja tana gyara ta. Kumburin hanci kuwa kusanci ke jawo shi, komai tsadar gilashi. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina masu neman gilashin zuƙowa cewa na 18 zuwa 55 ya wadatar: su ja da baya, su zuƙo zuwa 50, su tara mutane tsakiya.